Furen da ba ya son ƙasa

Yaya, barka da war haka. Kin tambayi furen nan da kike gani a tagogin gidajenmu na Ingila, kin ce ta yaya tsiro zai rayu babu ƙasa a tukunyarsa, kuma ko zai yi a Kano. Sunansa dendrobiyum, daga dangin furannin da ake kira okid. A nan idan za a je barka ko ganin sabon gida, tukunyar fure tana cikin abin da ake riƙewa. Mu ma mun ɗauka, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, bishiyoyi duk sun kaɗe, ɗan furen da ke taga shi ke sanyaya ido.

A dajinsa a jikin bishiya yake zaune, sunan ma da Girkanci ma'anarsa ke nan. Amma ba kauci ba ne, ba ya tsotsar bishiyar, mazauni kawai ya samu. Saiwarsa ta saba ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita nan da nan. In kika binne ta a ƙasa numfashinta zai ɗauke, ta ruɓe. Shi ya sa muke zuba masa gutsattsarin ɓawon itace, ko gawayi da ɓawon kwakwa, a ƙaramar tukunya mai huji da yawa. Matsatsiyar tukunya yake so. Babba tana riƙe laima a tsakiya, daga nan ruɓa ke farawa.

Ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa lokacin da yake girma. A tsoma tukunyar a ruwa mara sanyi kamar minti 10, a ɗaga ta tsane sarai, kada a bar ta zaune a faranti mai ruwa. Kafin ki ƙara, ki sa yatsa cikin ɓawon, in da danshi ki bari sai jibi. Lafiyayyar saiwa fara ce mai tauri, bakinta kore. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen zare, ruwa ne ya yi mata yawa. Ruwan famfon Landan yana da alli, shi ne farin da ke kamawa a cikin butar shayi, don haka ruwan sama ya fi. Taki kuwa na ruwa ne, rabin abin da aka rubuta a kwalba, duk mako biyu.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne rashin sanin cewa iri biyu aka fi sayarwa, kuma bukatarsu a lokacin sanyi ta saɓa. Na farko, nobile, ɗan gindin duwatsun Himalaya ne, furanninsa suna fitowa a jikin karan, gaɓa gaɓa. Wannan sai ya sha sanyi yake fure. Daga ƙarshen Agusta a daina ba shi taki. In Nuwamba ta shiga a kai shi ɗakin da ba a kunna hita, inda dare ke sauka digiri 10 zuwa 13, ya yi wata ɗaya ko fi, ruwa kuma kaɗan kawai don kada karan ya yamutse. Ganye zai yi ɗorawa ya zube, ba ciwo ba ne. Wadda tausayi ya kama ta ta mayar da shi falo mai ɗumi, ta ci gaba da ba shi ruwa da taki, maimakon fure sai ta ga 'ya'ya suna tsirowa a jikin karan, wato ƙananan tsirrai masu tasu saiwar. Su ma ba a yar da su: in saiwarsu ta kai santimita 5 a ɓalle a dasa.

Na biyun asalinsa arewacin Ostireliya da tsibiran da ke kusa, shi ne Tailan take nomawa tana aika wa duniya. Furensa a dogon sille yake fitowa daga saman kara. Ba ya zubar da ganye, ba ya son dare ya gaza digiri 15. Duka biyun kada a yanke musu tsohon kara muddin bai bushe ƙayau ba, rumbunsu ne na ruwa da abinci.

To batun Kano. Ki nemi na biyun, shi ya san zafi. Ki rataye shi a baranda ta gabas ko ƙarƙashin darbejiya, ya sha ranar safe, ya tsira daga ta azahar, wadda ke ƙona ganye ta bar baƙin tabo da ba ya gogewa. Gawayi kuwa ba sai an aiko miki ba, ki dai wanke shi tukuna. Hunturu ne zai ba ki aiki, saboda bushewar iska: ki yayyafa wa saiwar ruwa kowace safiya, ki goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle, ki riƙa leƙa bayan ganye don ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo. Da damina ki janye shi daga inda indararo ke zuba.