Kun Tambaya: Littafin Coma Ya Sa Ni Tsoron Tiyata

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, gidanmu wani ƙauye ne kusa da Ringim. Ƙawata ce ta ara min littafin Coma na Robin Cook, toh yanzu ga Innarmu an ce sai an yi mata aiki a ciki, wallahi duk na rasa sukuni har na fara cewa a bari mu ci gaba da na gargajiya. Don Allah abin da ke littafin nan yana faruwa da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Ba ke kaɗai ba ce, tun da littafin nan ya fito a 1977 yake hana mutane barci, ballantana da aka yi fim ɗinsa a 1978. Shi Robin Cook likitan ido ne ɗan Amurka, an haife shi 1940, shi ya sa in yana kwatanta ɗakin tiyata sai ki rantse kina ciki, sunan magani daidai, yadda manyan likitoci ke yi wa ɗalibai tsawa ma daidai. A nan yake kama mutum, sai ya jera miki gaskiya goma sannan ya ɗora ƙirƙirarsa a kai ki haɗiye duka.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wata ɗalibar likitanci ne a wani asibitin Boston da ta lura marasa lafiya na shiga ƙaramin aiki amma ba sa farfaɗowa, ashe iska mai guba ake sako musu ta bututun oksijin don a sayar da sassan jikinsu. Ƙagaggen labari ne. Cinikin ƙoda dai akwai shi a duniya, kowa ya ji shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Ingila a 2023, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta shi a Najeriya, amma ai ƙoda ba a cire ta haka kawai a sa a leda, sai an gwada jini da tsoka sun dace da na mai karɓa, sai da ƙwararru da injina, kuma ba ta wuce kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙanƙara. Irin wannan aiki na dashen ƙoda a nan yankin sai manyan wurare kamar asibitin Malam Aminu Kano.

Kuma na san mu ba sai littafin Bature ya koya mana zargi ba, gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 har yanzu bai bar zukatan mutane ba. Amma ke da kike hanyar zama nas kin fi ni sanin abin da ke kashe majinyaci a ƙauye: jinkiri, sai ciwo ya ci jiki a ɗauko mutum a bayan mashin, ga ba jini a ajiye. Ki je ki tambayi likita wane irin aiki ne, wa zai ba da allurar barci, a tanadi masu ba da jini cikin 'yan uwa tun yanzu, kuma ki faɗa masa duk jiƙe-jiƙen da Inna take sha, kar ki ɓoye ko ɗaya.

Tambaya: Anti ni malamin makaranta ne a Sumaila, na karanta littattafan Robin Cook uku amma sai na ga kamar labari ɗaya yake ta juyawa. Ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Malam ka gane sarai, masu karatu da yawa kukansu kenan. Kullum wani likita ne ya gano wata ɓarna, manya su ƙi yarda da shi, a biyo shi za a kashe, ƙarshe kuɗi ne a bayan komai, hirar mutanensa ma wani lokacin a bushe take kamar ana karanta fayil. Ni dai don ilimin ciki nake bin sa. Ka nemi Outbreak na 1987 wanda ya yi a kan Ebola tun kafin ta shigo Legas a 2014, sai kuma Toxin na 1998 a kan gurɓataccen nama, amma shi wannan kar ka buɗe shi kana cin tsire.