Me ya sa ake tura talakawan Ingila Ostareliya a kan ƙaramar sata?

Kana tambaya ko da gaske satar kayan sule kaɗan kan sa a kai mutum wata nahiya. Ƙwarai kuwa.

A ƙarni na 18 masu filaye sun killace wuraren kiwo da gonakin da ƙauyawa ke mora tare. Talakawa suka kwarara Landan da sauran birane, inda aiki na yau ne, gobe babu. Bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 aka sallami sojoji birjik, Dokokin Hatsi na shekarar, masu taƙaita shigo da hatsi daga waje, kuma suka hana burodi yin araha. Mai yunwa sai ya ɗauki yadi, agogo ko tunkiya.

Doka kuwa ba sassauci. Laifuka fiye da 200 hukuncinsu rataya ne, har da satar kayan sule 5 a shago. Alƙalai da masu taya su yanke hukunci ba sa son rataye mutum a kan haka, sai su rage ƙimar kayan, hukuncin ya koma kora daga ƙasar ta shekara 7, ko 14, ko har mutuwa.

Da farko Amurka ake kai su, kimanin mutum 50,000. Da yaƙin neman 'yancinta ya toshe hanyar, aka cusa fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames. Daga baya aka koma kai su Ostareliya: ayarin farko, jirage 11, ya isa Botany Bay da ke gaɓar tekun ƙasar a Janairu 1788. A ayari na biyu, 1790, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a hanya, domin 'yan kwangila na karɓar kuɗi bisa yawan waɗanda aka loda, ko sun isa da rai ko a'a. Zuwa 1868 an kai kimanin mutum 162,000.