Virginia City: Tsohon Garin Azurfa Ya Cancanci Ziyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Reno, jihar Nebada ta Amurka. Ƙawayena sun matsa mu je Virginia City ranar Asabar, amma an ce mini ba komai a can sai shagunan tsaraba da masu shigar kaboyi. Ya kamata in kashe yini guda a kansa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki je. Daga Reno bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, sai dai hanyar hawa ce mai kwane-kwane, garin kuma yana jikin tsauni, a tsayin da ya kusa mita 1,900. Ki riƙe rigar sanyi.

Waɗanda suka ce miki shaguna ne ba su yi ƙarya ba. Titin C, babban titin garin, cike yake da su, kina taka dandamalin katako yana ƙara. Amma in kika tsaya a nan, ba ki ga garin ba.

A 1859 aka gano Comstock, wata babbar jijiyar azurfa a ƙarƙashin garin, a shekarun 1870 kuma mazauna garin suka kai kusan 25,000. Yau ba su cika dubu ba. Ki shiga ramin haƙar ma'adinai na Chollar tare da ɗan jagora, ki ɗaga kai ki dubi katakan da suka tokare rufin. Ƙasar wurin saurin rufta gare ta, shi ya sa a 1860 wani injiniya Bajamushe, Philip Deidesheimer, ya fito da dabarar harhaɗa katakai kamar akwatuna, ɗaya bisa ɗaya. Can ƙasa kuwa zafi da tafasasshen ruwa sun sa sai da ƙanƙara mahaƙa ke iya aiki. A 1869 gobara ta tashi a ramin Yellow Jacket da ke Gold Hill, wani gari maƙwabci, ta ci rayuka sama da 30.

Daga nan ki wuce maƙabartar Silver Terrace. Ni ita ta fi taɓa ni: a jikin duwatsun kaburbura za ki karanta sunayen ƙasashen da mutane suka baro, irin su Ayalan da Ingila, wasu ko shekara talatin ba su cika ba.

A garin nan ne shahararren marubucin Amurka Samuel Clemens ya fara sa hannu da sunan Mark Twain a jaridar Territorial Enterprise, a 1863. In lokaci ya saura, ki hau tsohon jirgin ƙasa na Virginia & Truckee zuwa Gold Hill. Ki tabbatar da lokutan buɗewa kafin ki tashi, domin jirgin da wasu ramukan sukan dakata in hunturu ya shigo.