Kar ka shafa fenti a kan ruɓaɓɓen katako

Ɗan'uwa, ka ce katakon bangon gidanku a unguwar Nima da ke Accra ya ruɓe, ko fenti zai rufe shi? Wallahi ba zai rufe ba, ruwa zai ƙara maƙalewa a ciki.

Ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa, musamman layin ƙasa da ƙarƙashin taga. Inda ya nutse kamar burodi, a yanke har a iske lafiyayyen itace. In ka ga ƙasa-ƙasa a ciki, gara ce, sai an sa magani.

Kar kafinta ya sa maka katakon nan mai laushi da ake kira wawa don arha. Katako mai tauri da ake kira odum ya fi jure ruwa nesa ba kusa ba. Gyara indararon da ke zubo ruwan tukuna. Ka bari sai hunturu, katakon ya bushe sarai, sannan fenti.