Kyamara ta ƙone, me zan canza a ciki?

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai haɗa CCTV ne a Tudun Wada Gombe, kyamarorin da nake sawa ta wayar network suke samun wuta wato PoE, to tun shigowar damina kyamarori biyu sun mutu bayan tsawa, na buɗe na ga wajen shigar wuta ne ya ƙone. Wane kaya zan saya in maye?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wutar PoE ba 12V ba ce fa, tana kai 44 zuwa 57V, shi ya sa kafasitan bakin shiga ka nemi mai 100V, kar mai shago ya lallaɓa ka da mai 50V wai ai duk ɗaya ne. Akwai rezista 24.9k, da ita switch, wato akwatin da ke ba kyamarorin wuta ta wayar network, ke gane na'urar kafin ya sako wuta, in ka sa wata da ƙimarta ta yi nisa da wannan ko ƙyaftawa kyamarar ba za ta yi ba.

Maganar tsawa kuwa, diyod ɗin kariya TVS irin SMAJ58A shi ke shanye dukan, galibi shi ne ke fara mutuwa, sai ka auna bridge ma, wato haɗin diyod huɗu na bakin shiga, don tare suke tafiya.

Sannan ka duba watt. Tsarin PoE na 802.3af na ba kyamara 12.95W kawai, mai juyawa da fitilar dare sai 802.3at mai 25.5W. Waya kuma jan ƙarfe zalla, banda CCA mai araha ɗin nan, wato alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kuma kar ta wuce mita 100.