Makaranta ta ce a kai yarona gwajin ƙwaƙwalwa, in biya ko in ɗauko malamin lesin?

Tambaya: Anti barka da aiki. Yarona shekararsa 8 yana aji 3 a makarantar kuɗi nan Kaduna, har yanzu ba ya iya karanta layi ɗaya sai dai ya haddace ya rera, amma idan lissafin baki ne ko aika ce wallahi ya fi yayyensa. Makaranta sun ce mu kai shi gwaji, wajen da suka tura mu an ce dubu 150. Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa a ɗauko malamin lesin kawai. Wanne zan yi? Maman Abba, Kaduna.

Amsa: Maman Abba ki riƙe kuɗinki tukuna, ba wai gwajin ba shi da amfani ba ne, akwai abu biyu masu araha da ya kamata su riga shi, ido da kunne. Ke kam ma kin yi sa'a, asibitin ido na ƙasa da cibiyar kunne ta ƙasa duk a Kaduna suke. Na taɓa koyar da wata yarinya da kowa ya gama yanke mata hukuncin daƙiƙiya, kullum tana bencin baya, idan na yi magana sai ta karkato kai ta juyo min kunnen dama tana kallon bakina, ashe kunnen hagun ya daɗe yana ruwa tun tana ƙarama. Magani aka yi mata muka dawo da ita bencin gaba, kafin ƙarshen zango ta fara haɗa baƙi.

Idan ido da kunne lafiya lau, toh ki gwada wannan a gida da Hausa, ba littafi ba biro. Ki ce masa Abba faɗi "kaza", yanzu cire "ka" me ya rage? Ko ki ce wace kalma ce ta fara da irin sautin "masara", mota ko tasa? Yaron da zai ba ki labarin gizo daga farko har ƙarshe ya kuma amsa duk tambayar da kika yi masa a kai, amma irin wannan wasan ya gagare shi, shi ne ake zargin yana da disleksiya, wato wahalar haɗa sauti da harafi, kuma ba ta da alaƙa da rashin kaifin basira. Juya b da d shi kaɗai ba hujja ba ne, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7, balle mu da muka ƙara musu ɓ da ɗ a kai.

Yanzu maganar dubu 150 ɗin. Kafin ki tura ko sisi ki tambaye su wa zai yi gwajin kuma me ya karanta, domin aikin masanin halayyar ɗan Adam ne da ya samu horo, ba na duk wanda ya buɗe ofis ya sa AC ba. Sannan ki tambayi sunan gwajin. Yawanci za su ce WISC, wanda David Wechsler ya fitar a Amurka a 1949 ana ta sabunta shi, na yara ne 'yan shekara 6 zuwa 16, ana yi yaro ɗaya da mai gwaji ɗaya sama da awa guda. Gwaji ne mai kyau amma fa makin da zai fito an auna yaronki ne da yaran Amurka ko Ingila waɗanda da Turanci suka buɗi baki, kin ga idan aka tambayi Abba ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba ya yi shiru, Turancinsa aka auna ba ƙwaƙwalwarsa ba. Don haka ki tambaya da wane yare za a yi masa magana, kuma ko za su haɗa da gwajin da ba ya buƙatar magana irin na Raven, wanda zane-zane ne yaro ya zaɓi guntun da ya ɓace. Kuma dole a gwada karatun kansa, harafi nawa yake ganewa a minti ɗaya, kalma nawa, irin yadda aka yi wa yaran firamare a Bauchi da Sakkwato da gwajin EGRA da Hausa.

Abin da kike saye da kuɗinki rahoto ne da za ki ɗauka ki ajiye gaban malamar ajinsa ta san me za ta canja ranar Litinin. Ki ce su nuna miki samfurin rahotonsu an goge suna. Idan lamba ce kawai da kalmomin likitoci babu ko layi ɗaya na yadda za a koyar da yaron, ki yi musu sallama ki nemi sashen ƙwaƙwalwar yara a asibitin Barnawa ko asibitin koyarwa na Shika, layi ne zai ci miki rana amma kuɗin bai kai haka ba. Malamin lesin kuwa ki gaya wa Baban Abba a hankali, idan irin koyarwar makaranta zai maimaita da yamma da bulala a hannu, yaron zai ƙara tsanar littafi ne kawai. A nemo wanda ya iya koyar da sautin haruffa, minti 20 kullum ya fi awa 2 ranar Asabar.

Tambaya: Salam. Ɗana shekara 2 da wata 3 ba ya cewa ko Mama, in an kira sunansa ba ya waigowa, sai jera murafan kwalba. Hajiyarmu ta ce babansa ma sai da ya shekara 4. Na ga ana tallan wani sirop na buɗe baki a Facebook, in saya? Wata uwa daga Kano.

Amsa: 'Yar uwa kada ki saya, babu sirop ɗin da ke sa yaro magana. Mai yiwuwa Hajiya ta yi gaskiya a kan ɗanta, amma rashin waigowar nan ya fi damuna a kan rashin maganar. A fara da gwajin ji, musamman idan ya yi shawara mai tsanani yana jariri ko ya taɓa yin sanƙarau, duka biyun suna taɓa ji. Bayan nan akwai wata takarda da ake kira M-CHAT-R, tambaya 20 ce ta e ko a'a ga iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, kyauta ce, irin su yana nuna miki abu da yatsa? yana kawo miki abu don ki gani? Ba ta cewa yaro yana da otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, tana cewa ne a duba shi da kyau ko a'a, kuma watanni 3 suka rage wa ɗanki ya wuce shekarun da aka yi takardar dominsu. Ki kai shi sashen yara na asibitin Malam Aminu Kano, ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa kina kiransa, domin yara gaban likita sai su zama wasu daban. Duk wanda ya ce zai gano otizim da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa kuɗinki yake so, ana ganewa ne ta lura da yaro da tambayar iyaye.

Tambaya: Akwai manhajar gwajin IQ a waya, dubu 5 a ba ka satifiket. 'Yata ba ta zama waje ɗaya, malaminta ya ce ADHD ce. Zai nuna? Baban Ummi, Gusau.

Amsa: Malam ba zai nuna ba, ka sai mata littafin labarai da kuɗin. Gwajin IQ, wato na auna basira, ko na gaske ba ya gano ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali. Likita ne ke dubawa, sai abin ya kai wata 6, ya fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsa a waje biyu aƙalla, shi ya sa ake ba iyaye fom a ba malami nasa. Ka fara tambayar malamin Islamiyyarta ko a can ma haka take, kuma ka duba ƙarfe nawa take kwanciya.