Amsa: Wane bakin teku ya dace da su Baba da Hajiya?

Malama, kin ce kina son kai su Baba da Hajiya hutu bakin teku, sun haura 65, kuma in ban da Makka ba su taɓa fita waje ba. Ni dai Zanzibar zan ce, wani tsibiri a ƙasar Tanzaniya. Yawancin mutanenta Musulmi ne, abinci halal, masallaci kusa, hankalin Baba zai kwanta. Daga Zariya Kano za ku nufa, Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa. Ki nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, don canjin jirgi na gajiyar da tsoho.

Zaɓen wurin shi ne babban aiki. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa ƙwarai, sai an yi tattaki cikin jiƙaƙƙen yashi da duwatsu masu santsi, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Nungwi da Kendwa a arewa sun fi, ruwan ba ya nisa. Amma wasu otal-otal ɗin can akwai kiɗa har tsakar dare, wasu kuma a kan tudu suke, matakala rututu. Don Allah ki kira su, ki nemi ɗakin ƙasa kusa da wurin cin abinci, banɗakin da ba sai an haura baho ba, ki tambayi asibiti mafi kusa.

Ku kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama ne mai yawa. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi. Ki nemi biza da wuri, da katin rigakafin shawara, magungunansu kuma su kasance a jakar hannu.